Fuskar da Ke Jikin Atamfa

Ranar da dilar atamfa ta iso shagon Bariatu a Takoma Park, Hasiya ta baro ofis tun kafin azahar, ta ce ita fa da idonta za ta ga an yanke igiya. Kwana tara ya rage a yi gangami. Turmi tamanin aka bugo daga Kano, anko na matan ƙungiyar Bakin Majinyaci, don su fito iri ɗaya a filin shaƙatawa na Greenbelt, mutanen jihar Maryland ta Amurka su san Tambaya ta Uku tana da masu ita.

Ga yadda tambayar ta samo asali. Majalisar jiha ta yi doka cewa duk asibitin da ke karɓar tallafin jiha dole ya samo wa majinyaci ƙwararren tafinta, ko da yarensa ba ya cikin manyan yarukan da aka saba ji. Waɗanda dokar ba ta yi wa daɗi ba suka bi gida-gida suna tara sa hannu, har suka kai adadin da ya sa aka mayar da maganar gaban masu zaɓe. A watan Nuwamba, wanda ya ce eh, doka ta zauna. Wanda ya ce a'a, ta bi ruwa. Aikin Bakin Majinyaci ke nan shekara goma sha ɗaya: raka tsofaffin Hausawa da Zabarmawa da mutanen Gana asibiti, a faɗa wa likita abin da suka ce, a faɗa musu abin da likita ya ce. Wa zai ce su yi shiru?

Hasiya ce daraktar ƙungiyar, tsohuwar nas ce, mace mai baki da tsari, kuma ƙa'idar nan ta san ta kamar yunwar cikinta. Ƙungiya irin tasu, wadda gwamnati ta ɗauke wa haraji, tana da damar tsayawa a kan tambayar da ke takardar zaɓe, in ta yi rajista, ta kuma tsaya iya gejin da aka yanka mata. Duk ta yi wannan. Amma ɗan takara, ko da wasa. Ba ta cewa a zaɓi wane, ba ta cewa kar a zaɓi wane, ko da kuwa wanen ƙanin babanta ne. A kowane mitin sai ta maimaita, har mata suka fara rigan ta ƙarasawa suna dariya.

Bariatu, tela 'yar Kumasi wadda rabin matan unguwar ke kai wa ɗinki, ta sa reza ta yanke igiya, ta zaro turmi ɗaya ta warware a kan tebur. Kore ne shar da ruwan zinari. A gefe ɗaya an rubuta a ce eh ga Tambaya ta Uku, da Hausa da Turanci, a ɗaya gefen ga sunan ƙungiya ɓaro-ɓaro. A tsakiya kuwa, jere reras daga farkon turmi har ƙarshensa, fuskar wata Baturiya ce tana murmushi a cikin da'ira mai faɗin faifai, da sunanta a ƙasa. Bariatu ta shafa ta ce wallahi bugun ya fita, ko haƙoran matar ana iya ƙirgawa. Hasiya ta nemi kujera ta zauna.

Matar ba baƙuwa ba ce. Abby ce, 'yar majalisar jiha da ta ɗauki ƙudurin tafinta ta yi ta fama da shi shekara uku har ya zama doka. Matsalar ita ce Abby tana neman komawa kujerarta, kuma sunanta yana kan takardar zaɓen nan ɗaya da Tambaya ta Uku.

Nan take Hasiya ta ɗauki hoto ta tura wa Katung, lauyan da ke duba musu takardu kyauta, mutumin kudancin Kaduna mai Hausa garau da yawan barkwanci. Ko minti biyu ba a yi ba ya kira, kuma yau babu barkwanci. Ya tambaya ko wani ya riga ya ɗaura, ta ce a'a. Ya tambaya ko an sa a Facebook, ta ce a'a. Sai ta ji ya sauke numfashi. Ya ce mata ba zai yi mata ƙarya ba, ba lallai ne zane ɗaya ya sa a ƙwace musu rangwamen haraji washegari ba, amma 'yan a'a suna da lauyoyi, suna da masu kyamara, kuma abin da suke nema ke nan ido rufe. Ƙorafi ɗaya ya isa a buɗe bincike. Gidauniyar da ke ɗaukar nauyin tafintocinsu bakwai kuma a rubuce yake cikin yarjejeniyarsu, ranar da ƙungiya ta tallata ɗan takara, ranar za su janye hannu.

"Hajiya, mata tamanin sanye da sunanku da fuskarta a zane ɗaya, ba ni da abin da zan gaya wa kowa," in ji shi.

Ba sai an gaya wa Hasiya wanda ya yi wannan aiki ba. Alhaji Ɗanliti ne ya ce a bar masa maganar anko, kyautarsa ce ga ƙungiya, daga aljihunsa, yana da amini a Kantin Kwari da ya san masu bugu. Shi ya kafa Bakin Majinyaci, shi ne shugaban amintattu, injiniya mai ritaya da ya haura saba'in. A gidansa Hasiya ta ci tuwon farko a Amurka, tana ɗaliba, ba ta san ko yadda ake sayen tikitin jirgin Metro ba. Shi ya tsaya mata a matsayin uba ranar ɗaurin aurenta. To yau ga ta za ta je ta ce masa kyautarsa ba ta ɗauruwa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, da shi da kanta duka, don ita ce ta yarda aka buga ba ta ga samfur ba, wai kunya, kar a ce ta binciki babba.

Ta same shi bayan la'asar a barandar gidansa a Greenbelt, yana ba tumatirinsa na cikin tukwane ruwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, aka tambayi maigida da yara da aiki, aka sha shayi, ba ta yi gaggawa ba. Shi ne ma ya kasa haƙuri ya tambaya ko kaya sun iso, fuskarsa sai walwala take.

Ya ba ta labarin da bakinsa, yana alfahari. Wai da aka kai zanen wurin mai bugu a Kano, mutumin ya duba ya juya, ya ce ina hoton? Aka ce babu hoto. Ya ce shi tun da yake bai taɓa buga atamfar zaɓe babu fuska ba, wace irin siyasa ce wannan, ko ɗan takarar naku yana jin kunya ne? Aminin nan ya bugo wa Alhaji waya. Alhaji ya ce ai kuwa gaskiyar mai bugu, akwai fuskar da ta cancanta, ya tura hoton Abby. Bai gaya wa kowa ba, yana so ya zama abin mamaki.

To, abin mamaki kam ya zama. Hasiya ta ajiye kofi ta faɗa masa komai, tiryan-tiryan, yadda Katung ya faɗa, ba ta rage ba, ba ta sa masa zuma ba. Tana magana walwalar tana barin fuskarsa.

Ya ce doka daga sama ta faɗo? Wa ya kawo ta? Ya tuna mata abin da ba ta manta ba. Shekara huɗu da suka wuce matarsa, Hajiya Atine, ta yanke jiki ta faɗi, aka kai ta wani asibiti shi yana maƙale a cunkoson motoci a titin Beltway. Ba ta jin Turanci. Duk abin da aka tambaye ta sai ta gyaɗa kai, irin na ladabi, har da tambayar da amsarta a'a ce. Kafin ya iso an ba ta abin da bai jitu da maganin da take sha ba. Kwana biyu ta yi, rai ya yi halinsa. Ranar sadakar uku wannan Baturiya ta zo ba tare da an gayyace ta ba, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa cikin mata har magariba, ba kyamara, ba ɗan rakiya. Da za ta tafi ta ce masa za ta yi wani abu a kai, kuma ta yi.

"Yanzu ke Hasiya, ki dube ni ki ce in sa almakashi a fuskar matar da ta yi mini rana? A garinmu butulci ake kiran wannan."

"Baba, na sani," ta ce. "Amma in muka ɗaura shi, tafintoci bakwai za su zauna a gida. Wata tsohuwar za ta je asibiti ta yi ta gyaɗa kai, babu mai ce wa likita a'a take nufi."

Maganar ta yi nauyi, ta san ta yi, kuma ba ta janye ta ba. Alhaji ya kau da kai ya dubi tumatirinsa. Can ya tambaya, shi fa, shi Ɗanliti ɗan ƙasa mai ƙuri'a, dokar ta ɗaure masa baki? Ta ce a'a, shi a karan kansa yana iya tallata wanda ya ga dama, har ya hau mota da lasifika in yana so, muddin ba da sunan ƙungiya ba, ba kuma a wurin taronta ba. Ya ce to ya ji. Su yi abin da za su yi da zanen. Abu ɗaya ya roƙa, duk abin da aka yanke kar a jefa a shara, a tattara a kawo masa, tun da dai kayansa ne. Bai raka ta bakin mota ba, abin da bai taɓa yi ba.

Daga nan Hasiya ta ɗaura ɗamara. Bariatu ce ta gano dabarar: tun da fuskokin a layi ɗaya suke a tsakiya, a tsaga turmi gida uku a tsaye, a cire na tsakiya, a haɗa gefe da gefe da yadi ruwan zinari marar komai. Faɗi ya dawo, kuma a cewarta har ya fi kyau, sai ka ce da gangan aka yi. Aka raba aikin, teloli uku a Takoma Park, biyu a Alexandria, da duk matar da ke da keken ɗinki a gida. Hasiya ta mayar da bayan motarta shago, tana kwasa tana kaiwa, tana ƙirga kowane tsiri da aka cire kar ɗaya ya ɓace ya ɓulla a kan wani a matsayin ɗankwali.

Surutu kuwa an sha shi. A zauren WhatsApp na mata wasu suka ce Hasiya ta zama Baturiya, ta fi masu ƙasar tsoron dokarsu. Wata ta ce yarinyar da Alhaji ya riƙa ce yau take yanka masa kyauta, duniya ina za ki da mu. Hasiya ba ta bi su ɗaya-ɗaya ba. Ta yi saƙon murya guda, minti uku, ta ce duk mai son Abby ta je ta zaɓe ta, ta manna hotonta a ƙofar gidanta, babu mai hana ta, amma ba za a je neman gira a rasa ido ba, kuma duk wadda ta zo fili da fuskar ɗan takara a jikinta ita da kanta za ta raka ta bakin titi. Masu gunaguni suka koma yi a kicin ɗinsu.

Ranar Laraba Hasiya ta kai wa Alhaji tsirukan cikin jaka biyu. Ranar Alhamis da safe imel ya shigo wa dukkan amintattu, layi huɗu: Alhaji Ɗanliti ya ajiye shugabanci daga yau, yana godiya, yana yi wa ƙungiya fatan alheri.

Wannan kam bai zo mata a lissafi ba. Ta kira shi, ta ce Baba ba a ce ka sauka ba, ko Katung ya ce doka ba ta nemi haka ba, shugaba ma yana da 'yancin kansa in ya fita daga ofis. Ya ce ya sani, ya karanta, shi ma ya iya karatu. Amma daga Baltimore har Alexandria wa zai ga Ɗanliti bai ga Bakin Majinyaci ba? In yana kan kujera, duk abin da ya sa a jikinsa ƙungiya ce ta sa. Ta tambaye shi me yake shirin sawa. Ya ce ta je ta ji da taronta.

Asabar ta zo da rana mai daɗi, irin ta farkon Oktoba. Tun ƙarfe goma fili ya fara cika, kore da ruwan zinari ko ta ina, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan Kumasi, ga 'yan Habasha da mutanen ƙasar Salbado da suka zo mara musu baya da nasu allunan. Yara suna ta guje-guje ana yi musu tsawa da Hausa suna amsawa da Turanci. Waina da sinasir sun jeru a tebur. Gidan talabijin ɗaya ya turo mota. Akwai kuma wani mutum mai hular rana da ba wanda ya san shi, yana zagayawa yana ɗaukar hoton zannuwan mata kusa-kusa, gaba da baya. Katung ya matso ya ce wa Hasiya ta bar shi, ya ɗauka har batirinsa ya mutu, babu abin da zai samu.

Sai Bariatu ta taɓo ta, ta nuna mata tsallaken titi.

Can kusa da wurin tsayawar bas, wajen shingen fili, Alhaji Ɗanliti ne zaune a kujerar naɗewa, shi kaɗai, da sandarsa a gefe. Babbar riga ce a jikinsa, an ɗinka ta da tsirukan nan da aka yanke, an jera su an haɗa. Fuskar Abby ce tun daga kafaɗa har idon sawu, gaba da baya, ta kai talatin, duk suna murmushi. Babu harafi ɗaya na sunan ƙungiya a jiki. Ya kafa hula zanna, ya ɗaga kai, masu mota suna rage gudu suna kallo, wasu suna danna masa ham yana ɗaga musu hannu kamar mai karɓar gaisuwar sallah.

Dariya ta kama Hasiya, kafin ta gama sai ta ji hawaye. Shekara goma sha ɗaya babu taron da aka buɗe ba da addu'arsa ba. Ta zuba waina a faranti, ta ɗauki ruwa, ta tsallaka titi da ankonta, ba ta tsaya tunani ba.

Tun kafin ta ƙaraso ya ɗaga mata tafin hannu. Ta tsaya. Ya nuna mata gefen dakalin bas da sanda, ya ce ta ajiye a can, zai ɗauka. Ta ajiye, ta fara durƙusawa daga nesa tana cewa Baba ina kwana.

"Lafiya lau. Tashi ki koma," ya ce, bai ko dube ta sosai ba, idonsa yana kan fili. "Ga mai hular can ya juyo da kyamara. In ya haɗa zanenki da rigata a hoto ɗaya, aikin banza kuka yi kwana tara."

"Baba, ko addu'ar buɗewa..."

"Na yi daga nan, tun ɗazu. Allah yana ji daga tsallaken titi. Je ki, 'yata, mutane suna jiran ki."

Ta juya. Mai hular yana tsaye a bakin shinge, ya saita kyamara, yana jira ta ƙara taku biyu. Ta bi ta gabansa ta wuce, ta ce masa barka da safiya da Turanci, ta goge fuskarta da gefen mayafi. Ta hau dakalin da aka kafa, ta karɓi makirufo daga hannun Katung, ta yi sallama, fili ya amsa. Ta fara da labarin wata tsohuwa da aka kai asibiti ba ta jin Turanci, kuma har ta sauka ba ta ambaci sunan kowa ba.